Zuwa ga kwastomominmu masu mota otomatik

Assalamu alaikum alhazai da hajiyoyi, iyayenmu da 'yan'uwa, da fatan an tashi lafiya, ya kasuwa ya iyali.

Maganar giya ce ta sa muka rubuto muku, don tun da zafi ya shigo motocin da ake kawo mana gareji kusan kukansu ɗaya ne, mutum zai taka totur inji ya yi ta ihu, allurar RPM mai nuna saurin juyawar inji ta hau sama amma mota ta ƙi ja, ko ka sa D ta yi jinkiri sannan ta fizga. Wannan shi ne giya tana zamewa. Da yawa kafin ku iso an riga an tsorata ku wai sai an sauke giyabos an je Kofar Ruwa an sayo na Beljiyam. Wallahi ba kullum ba ne.

Giyar otomatik da ƙarfin mai take aiki, man ne yake matse faifan kulochi na ciki su kama. In man ya yi ƙasa, ko ya tsufa ya tsinke saboda zafi da gosulo, ko filta ta toshe famfo ba ya samun jan mai yadda ya kamata, to matsin zai ragu kulochi ya fara sulɓewa. Irin wannan matsala juye, wato a fitar da tsohon mai a zuba sabo, da sabuwar filta suna gyara ta, kuma kuɗin bai ko kusa da na giyabos ba.

Amma fa ku ji, ba za mu yi wa kowa alkawari ba sai mun kwance kwanon ƙasan giya mun gani, kuma muna so mai mota ya tsaya a gani tare da shi. Sabon mai yawanci ja ne, in ya koma ruwan ƙasa to ya tsufa kawai, akwai sa rai sosai. In ya yi baƙi yana warin ƙuna, ga garin kulochi ya taru a kwano, ko maganaɗisun da ke ciki ya kwaso ɓarɓashin ƙarfe manya (ɗan laushin toka-toka a jikinsa ba komai ba ne, kowace mota tana yi) to aikin gama ya gama, sabon mai ba ya mayar da faifan da ya cinye, wani lokacin ma zamewar ƙaruwa take bayan juye. A nan gaskiya za mu gaya maka Alhaji, ba za mu karɓi kuɗin mai mu bar ka ka dawo kana jin haushinmu ba. In kuwa man ya koma kamar madara to ruwan lagireto ne ya shiga, sai an fara da lagireton.

Gudun ƙaruwar zamewar nan ne ma ya sa ba ma amfani da na'ura wajen wanke cikin giya ga tsohuwar motar da ba a san tarihinta ba. Juye muke yi a hankali, kuma abin da ke fita bai fi kashi ɗaya cikin uku zuwa rabi ba, sauran yawanci yana cikin konbata, wato abin da ke haɗa inji da giya, don haka in muka ce a dawo bayan an ɗan yi tafiya a sake juye ba neman kuɗi ba ne.

Abin da ya fi ci mana rai shi ne man da ake zubawa. Ba kowane jan mai ne man giyarka ba. Toyota na da T-IV a tsofaffi, WS a na baya-bayan nan, Honda DW-1 take so in ba mai CVT ba ce (wato giyar da ke aiki da bel), Nissan masu CVT kuwa NS-2 ko NS-3 ne, ka zuba musu na gama-gari ka kashe giya da hannunka. Ga jabu ya cika kasuwa cikin galan mai kyau. Wanda zai zo da mansa bismillah, amma a kira mu tukuna mu duba abin da motar take sha. Masu Accord kuma ku sani yawancinsu ba su da kwano, filtar tana can ciki, juye kawai ake yi wajen lita 3.

Shawararmu a yanayin zafin nan namu kar a wuce kilomita 60,000 ba a taɓa man giya ba, ko da mai sayarwa ya ce ba a canjawa har abada. Kuma don Allah ranar da ka fara jin zamewa kar ka ɗauki hanyar Kaduna ko Maiduguri da ita, kowace zamewa ƙona faifan take yi.

Dubawa da awon mai kyauta ne, a zo da safe kafin layi ya yi tsawo, Juma'a muna rufewa ƙarfe 12.

Mun gode da amana, Allah ya tsare hanya.

Naku,
Shugaban gareji da yaran aiki