Rahoton ayyukan shekarar 2024 zuwa ga ƴan zumuntarmu ta Lutaran a Maraɗi

Iyayenmu dattawa, iyaye mata, ƴan'uwa da matasa, salama a gare ku cikin sunan Ubangiji. Kwamiti ya ɗora mini, a matsayina na magatakarda, in rubuta muku abin da zumuntarmu ta yi a bana. Lissafin baiko da kuɗin wata-wata yana hannun ma'aji, shi zai karanta muku da bakinsa ranar babban taro.

Shekarar ta same mu iyaka a rufe. Tun bayan juyin mulkin Yulin 2023 hanyar Ɗan Isa zuwa Jibiya ta zama sai a hankali, mu kuwa ba mu da fasto zaunanne, daga Najeriya yake zuwa mana. Kirsimeti ta wuce ba mu ci Jibin Ubangiji ba, wato gurasa da ruwan inabi da ake karɓa a majami'a, jarirai suna ta jiran baftisma. Da aka buɗe iyaka cikin Maris fasto ya samu ya iso, muka yi baftisma da Jibi tare ranar Ista, 31 ga wata. Azuminmu na bana ya haɗu da na maƙwabtanmu Musulmi, sai kwamiti ya sa aka kashe lasifikar waje a addu'ar yamma, saboda buɗa-baki da asham. Mai unguwa ya aiko da godiya. Damina kuma ta zo da ambaliyar da ta rushe gidajen laka da yawa a garin nan, har gwamnati ta ɗage komawa lakwal zuwa 28 ga Oktoba. Zumuntar mata ta tara gero, tabarmi da tufafi, ta raba wa waɗanda ruwa ya kora ba tare da tambayar addinin kowa ba. Iyaye mata, mun gode.

Amma kowa ya san abin da ya ci mana lokaci a bana, wato gardamar tsarin sujada.

Matasa sun yi karo-karo sun sayo kibod na kiɗa, abin a yaba musu ne. Wata Lahadi cikin Mayu, jama'a na durƙushe an gama furta zunubi, ana jiran kalmar gafara, sai yaron da ke kan kibod ya fara kaɗawa a hankali. Babanmu dattijo ya ɗaga hannu, yaro ya tsaya. Bayan an tashi ya kira shi gefe ya ce, "Ɗana, mutum na gaya wa Allah laifinsa, kai kana yi masa kiɗa?" Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, ba raini ba ne. A majami'un garin nan haka ake yi." Daga ranar aka rabu biyu. Dattawa suka ce tsarin da muka gada shi ne furta zunubi, karatu daga Tsohon Alkawari da wasiƙu da Bishara, Shaidar Bangaskiya, wa'azi, Addu'ar Ubangiji, albarka, waƙa kuma daga Littafin Waƙoƙi, kuma tun da ɗan mishan Dokta Niels Bronnum na Danmak ya sauka Numan ta Najeriya a 1913 a kan wannan hanya aka rene mu. Matasa suka ce suna son gajerun waƙoƙin yabo, da rawa, da lokacin ba da shaida, kuma tsaransu sun watse zuwa wasu ikilisiyoyi saboda sujadarmu ta yi musu sanyi. Wannan magana ta ƙarshe gaskiya ce, mun gani da idonmu.

Mamanmu shugabar mata ce ta fara sassauta zukata. Ta ce a ƙuruciyarta akwai dattawan da ba su son jin ganga a majami'a, yau ga shi ba wanda zai yarda mata su yi waƙa ba tulu da caki.

Kwamiti ya ƙi yanke hukunci da ɗaga hannu, ya roƙi mai bishararmu ya buɗe nazari kowace Laraba har ƙarshen damina. A ganina wannan ne aiki mafi amfani da muka yi a bana. Kowane ɓangare ya zo neman hujjar da zai kā da ɗan'uwansa, sai takardun tarihin ikilisiyarmu suka ƙi ba kowa gaskiya shi kaɗai. Mun ga cewa a 1522, lokacin da Martin Luta, wanda daga gare shi Lutaran suka samo suna, yake ɓoye, wasu a garin Wittenberg na Jamus sun yi gaggawar sauya sujada har da fasa siffofi, shi kuwa ya dawo ya yi kwana takwas yana wa'azi a kan a bi masu rauni a hankali. Dattawa suka gyaɗa kai. Sai aka zo 1526, shekarar da Luta ya fitar da tsarin sujada da Jamusanci don talaka ya ji da harshensa ya kuma yi waƙa da bakinsa, ya gargaɗi mutane kada su mai da tsarin nasa doka. Nan matasa suka fara murmushi, har aka kai wurin da ya nuna yana son majami'un yanki ɗaya su bi tsari ɗaya. Sashe na 7 na Shaidar Augsburg ta 1530, takardar da ta bayyana bangaskiyar Lutaran, ya ce abin da ke haɗa ikilisiya shi ne a yarda a kan koyarwar Bishara da yadda ake ba da baftisma da Jibi, ba dole al'adun da mutane suka kafa su zama iri ɗaya ko'ina ba. Yarjejeniyar 1577, wadda ta kashe wata doguwar rigima tsakanin Lutaran kansu a kan wannan batu, ta ba jama'ar kowane wuri ikon sauya irin waɗannan al'adu, amma ban da wasa, ban da sa wani tuntuɓe.

Ba mu kaɗai muke wannan ja-in-ja ba. Lutaran na Amurka sun daɗe suna gardama a kan kiɗan zamani da kuma wanda ya cancanci zuwa bagadi, wato teburin da ake karɓar Jibi. Tarayyar Lutaran ta Duniya, wadda Babban Bishop Musa Panti Filibus na Numan ya shugabanta daga 2017 zuwa 2023, ta fitar da sanarwa a Nairobi a 1996, inda ta nuna cewa sujada tana da abin da ba ya sauyawa ko'ina, tana ɗaukar abin kirki na al'adar wuri, tana kuma ƙin abin da ya saɓa wa Bishara.

Ranar Lahadi 27 ga Oktoba, da muka yi tunawa da gyaran ikilisiya da Luta ya fara a 1517, jama'a ta amince da rubutaccen tsari. Furta zunubi, karatu, Shaidar Bangaskiya, wa'azi, Addu'ar Ubangiji da albarka suna nan daram, ba mai tsallake su don lokaci ya ƙure. Ba kiɗa yayin furta zunubi da karatun Bishara. Matasa na da filinsu a farkon sujada da lokacin baiko, sai dai kowace sabuwar waƙa mai bishara zai duba kalmominta tukuna. Dalili kuwa, an taɓa rera mana wadda daga farko har ƙarshe arziki da faɗuwar maƙiya kawai take ambata, ba a ji sunan Almasihu ba. Aƙalla waƙa biyu daga Littafin Waƙoƙi kowace Lahadi, kuma mai kibod zai koyi kaɗa su. Ba da shaida ya koma addu'ar Juma'a. Akwai dattijon da har yanzu yake fita shan iska idan an fara yabo, ba mu hana shi ba.

Nazarin ya tona mana wani abin da ya fi kibod nauyi. Da mai bishara ya tambayi ma'anar baftisma, matasa suka yi tsit, kuma, iyayena ku yi mini aikin gafara, a layin manya ma hannuwa kaɗan ne suka tashi. Saboda haka aka buɗe ajin Ƙaramar Katekisma, littafin koyar da tushen bangaskiya da Luta ya rubuta a 1529, kowace Asabar da la'asar. Yaranmu ƴan lakwal sun fi sabawa da karatun Faransanci, don haka rabin lokacin yana tafiya wajen koya musu karanta Hausa. An sayo ƙarin Littafi Mai Tsarki da Littafin Waƙoƙi, ana ajiye su a akwati a majami'a, don na baya duk sun bi mutane gida.

Abu biyu ba mu warware ba, kuma ba hurumin kwamiti ba ne. Ruwan inabi yana wuyar samu a nan, wasu suka kawo shawarar zoɓo, wasu suka ce Ubangiji ya ambaci abin da ya ɗauka a ƙoƙo, ba mu da ikon musanyawa. Na biyu, baƙinmu na sauran ikilisiyoyin bishara na garin nan, waɗanda muke auratayya da su muke kuma jana'iza tare, da yawansu sun ɗauki Jibi abin tunawa ne, mu kuwa mun gaskata jikin Almasihu da jininsa muke karɓa. Shin a kira su bagadi ko a'a? Mun rubuta wa fasto tambayoyin biyu, ya ce zai kai su gaban shugabanni ya zo mana da amsa.

A shekara mai kamawa akwai gyaran kwanon rufi ta wajen bagadi kafin ruwan fari, da shirya ƴan ajin katekisma don tabbatar da bangaskiyarsu a gaban jama'a idan fasto ya zo Ista. Wa'adin wannan kwamiti ya cika, za a yi zaɓe a babban taro bayan sujadar Lahadi ta biyu a Janairu. Masu bashin kuɗin wata-wata su ga ma'aji kafin ranar.

Naku cikin hidima,
Magatakarda, a madadin kwamiti