Sanarwa ga masu ziyarar gida-gida a Gombe

Assalamu alaikum ƴan uwa. Sau da yawa idan ciwon ƙwaƙwalwa ya dawo, maganin aka ajiye. Na ciwon damuwa yakan ɗauki mako 2 zuwa 4 kafin a ga sauƙi, dangi kuwa kwana biyar sun ce bai karɓe shi ba. Ku faɗa musu tun farko.

Haloperidol, wani maganin ciwon ƙwaƙwalwa, yakan sandarar da wuya, ido ya kafe sama, sai a ce iskokai ne. Illar maganin ce, kuma tana da magani. A kai mara lafiyan Asibitin Koyarwa na Tarayya a ranar.

Ku ƙirga ƙwayoyin da suka rage da hannunku, "ai yana sha" ba hujja ba ce. Wanda kuka tarar ɗaure a mari, ku sanar da mu nan take.