Koyon Japananci: A Daina Yi wa Matasa Alkawarin Wata Uku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida mai farin jini domin in amsa tambayar da matasa ke yawan yi mini tun da suka ji ina koyon Japananci, wato wata nawa mutum zai yi kafin ya iya. Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne tallace-tallacen da ke yawo a intanet masu alkawarin ƙwarewa cikin wata uku, maganar da ba ta da tushe, kuma take karya gwiwar waɗanda suka shigo da kyakkyawar niyya.

Farkon tafiyar akwai daɗi, wannan gaskiya ne. Wasulan harshen biyar ne, ana jan wasali, ana kuma ninka baƙi, don haka kunnen Bahaushe ba ya shan wahala sosai. Harshen yana da jerin haruffa biyu masu wakiltar gaɓoɓin sauti, hiragana da katakana; na hiragana 46 ne, na katakana ma 46, kuma mai himma zai iya haddace su cikin 'yan makonni. Daga nan ne ɗalibi yake zaton ya ci rabin tafiya, alhali ko ƙofar gari bai fita ba.

Inda gizo ke saƙar shi ne kanji, haruffan da Japanawa suka aro daga Sin. Jerin da gwamnatin Japan ta sabunta a 2010 na haruffan amfanin yau da kullum ya ƙunshi 2,136. Yaron Japan da aka haifa cikin harshen yana koyon 80 kacal a ajin farko, yana kwashe shekara shida na firamare kafin ya kai 1,026, sauran kuma sai a sakandare. Idan ɗan gida yana buƙatar wannan lokacin, ina ga baƙo?

Abin da ya fi ba ni wahala ma ba siffar harafin ba ce, karatunsa ne. Siffa tana da hanyar kamawa: 木 itace ne, idan aka jera biyu, 林, ya zama kurmi, uku kuma, 森, daji ne. Amma harafi ɗaya yakan zo da lafazi iri-iri, wani na asalin Japan, wani na aro daga Sinanci. Ban manta daren da na tsura wa kalmar ranar Lahadi ido a littafina ba, 日曜日, na ga harafin rana a farko da ƙarshe, na farko ana karanta shi “nichi”, na ƙarshe kuma “bi”. A ranar na gane cewa haddace harafi shi kaɗai aikin banza ne, dole a koye shi cikin kalma. Kuma kanji ba ya yafe sakaci, domin na taɓa ajiye bita na wata guda saboda rashin lafiya, da na dawo sai na tarar da yawa sun zame mini.

Cibiyar da ke horas da jami'an diflomasiyyar Amurka ta sanya Japananci a rukunin da ya fi wuya ga masu jin Turanci, tare da Larabci da Sinanci da Koriyanci, ta kuma ƙiyasta awa 2,200 na zaman aji, wato mako 88. Mai karatun awa ɗaya kullum zai yi kimanin shekara shida kafin ya cike wannan adadi.

Shawarata ga mai farawa ita ce ya riƙa lissafi da awa, ya kuma auna kansa da jarrabawar JLPT ta auna ƙwarewa a Japananci, mai matakai biyar, daga N5 mafi sauƙi zuwa N1 mafi wuya. Matakin farko, a ganina, yana samuwa cikin shekara guda ga mai naci. Ni ina shekara ta uku, ina iya hira mai sauƙi, amma har yanzu jaridar Japan sai da ƙamus a gefena.

Wassalam,
Wani ɗalibin Japananci