Kafin a tsaya ɗaukar hoto da zakin teku

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon fili a wannan jarida mai farin jini in yi tsokaci kan hotunan da 'yan'uwanmu masu zuwa hutu Dubai da ƙasashen Turai suke ɗauka da zakin teku (dabbar ruwa mai shayarwa da ake horarwa don wasa), yana manna musu hanci a kumatu. Mutane suna ganin dabbar ta saba da ɗan Adam ne kawai, alhali aikin horo ne na watanni, kuma wurin hoton nan ya fi ko'ina haɗari a wasan gaba ɗaya.

Wanda aka fi horarwa shi ne jinsin Kalifoniya ta Amurka. Namiji yakan kai kilo 300, mace kusan kilo 100, shi ya sa masu yawo da dabbobi suka fi son mata da ƙanana. Kayan horon uku ne: usur, bokitin kifi, da sanda mai ƙwallo a kanta. Da farko a busa usur a miƙa kifi nan take, a yi ta maimaitawa har dabbar ta gane ƙarar usur na nufin ta yi daidai. Sai a koya mata taɓa ƙwallon da hanci ta riƙe, daƙiƙa ɗaya, biyu, har goma. Daga nan komai ya samo tushe. "Sumbar" da ake gani a hoto wannan taɓawar ce, an mayar da ita kan kumatun mutum. Ɗaukar ƙwallo a hanci kuma gashin baki ne ke yin aikin, shi ke jin inda ƙwallon ya karkata. Idan usur ya makara da daƙiƙa biyu, an saka wa dabbar a kan abin da ba a so ke nan. Idan ta yi kuskure, ƙwararre ba ya duka. Yakan yi shiru na daƙiƙa uku, ya sake ba da alama.

Matsalar tana cikin bokiti. Zakin teku yana cin kashi 5 zuwa 8 cikin ɗari na nauyinsa a rana, wato mace mai kilo 90 tana bukatar kilo 5 zuwa 7 na kifi. A wurin kirki, ta yi wasa ko ba ta yi ba, za ta cinye rabonta kafin dare. A wurin da kuɗin hoto ne gaba, sai a rage mata don ta yi biyayya, kuma dabba mai yunwa ita ke cafkar hannu. Kifin ma daskararre ne, ana narkar da shi a firij, kada ɗuminsa ya haura digiri 4, a yi amfani da shi cikin awa 24. Ajiya tana lalata bitamin B1 da E, dole a cusa ƙwayoyinsu a cikin kifin, in ba haka ba jijiyoyi su taɓu har ta kai ga farfaɗiya.

Mai kallo ya dubi idonta. Ido mai fari-fari, ko wanda take runtsewa, alamar ciwo ce. Yanar ido ta yi yawa a cikin waɗanda ake tsarewa, saboda rashin inuwa, kududdufi mai farin fenti da ke mayar da hasken rana, yawan kulorin (sinadarin tsaftace ruwa), da ɗaga kai sama ana jefa mata kifi da tsakar rana. Dabbar da ba ta gani sosai takan firgita idan aka zo mata ta gefe.

A layin hoto kuwa, mai horo shi ya kamata ya tsaya kusa da kanta, baƙo ya shigo ta gaba, hannuwansa a cinya, babu runguma, babu abinci a hannu. Idan ta fara kau da kai, ko buɗe baki, ko gashin bakinta ya miƙe gaba, a dakata. Ɗora ƙaramin yaro a jikinta ganganci ne. Ko masu wasa da kura a nan gida sai da takunkumi, ita kuwa bakinta a sake yake. A watan Mayun 2017 zakin teku na daji, wanda ake jefa wa abinci, ya fizgi wata yarinya cikin ruwa a Steveston ta Kanada.

Ƙasashe suna ta tsuke doka. Bolibiya ta hana dabbobi a wasannin yawo a 2009, haramcin sa namun daji a irin waɗannan wasanni a Ingila ya fara aiki a 2020, Faransa kuma ta yi doka a 2021 da za ta kawo ƙarshen sa namun daji a wasannin yawo a 2028.

Wanda aka ciza ko aka yakusa, komai ƙanƙantar raunin, ya wanke da sabulu da ruwa mai yawa, ya je asibiti a ranar, ya faɗa wa likita dabbar da ta cije shi. Bakinta na ɗauke da ƙwayar cutar maikofilasma mai kumbura yatsa da sandarar da gaɓa, wadda ba ta jin fenisilin. Dangin tetrasaikilin ake bayarwa.

Wassalam.
Mai karatu, Kaduna.