Wasiƙa Zuwa ga Aminina a Kan Fim Ɗin The Sound Barrier

Aminina,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya tare da iyali baki ɗaya, na rubuto maka ne a kan wani tsohon fim na Ingila mai suna The Sound Barrier, wanda David Lean ya ba da umarni, Terence Rattigan ya rubuta labarinsa, aka kuma fara nuna shi a shekarar 1952. Na san ba ka yafe wa mai fim idan ya murɗe tarihi, balle tarihin jiragen sama, don haka akwai abin da zai ɓata maka rai a cikinsa, amma ina roƙonka ka daure ka kai ƙarshensa.

Labarin na wani attajiri ne mai kamfanin ƙera jirage, John Ridgefield, wanda ya ƙudura a ransa cewa sai jirginsa ya wuce saurin sauti. Ɗansa Chris ba ya son tuƙi, amma kwarjinin uban ya hana shi faɗa, ya tashi shi kaɗai karo na farko ya faɗo ya mutu. Surukinsa Tony, mijin 'yarsa Susan, ya zama matuƙin gwaji na kamfanin, shi ma ya rugurguje a cikin sabon jirgin da suka kira Prometheus, ya bar matarsa da juna biyu. Abokin Tony, Philip Peel, shi ne ya sake hawa irin jirgin nan ya yi nasara.

Yadda ya yi nasarar shi ne inda za ka yi tsaki. Fim ɗin ya nuna wai idan jirgi ya kusa saurin sauti sai sandar tuƙi ta juya aikinta, don haka mai son ya ɗago hancin jirgi sai ya tura ta gaba maimakon ya jawo ta. Wannan ƙirƙira ce kawai. Abin da ke faruwa shi ne, iskar da ke bi ta saman fiffike tana riga jirgin kansa kaiwa saurin sauti, sai ta dunƙule ta yi wata irin igiya mai ƙarfi, jirgin ya kama jijjiga, hancinsa ya sunkuya, ɗan marfin da ke jela wanda ke ɗaga shi ya daina kama iska. Maganin da aka samu shi ne a riƙa motsa shimfiɗaɗɗen ɓangaren jelar gaba ɗayansa. Da irin wannan dabara Chuck Yeager na Amurka ya wuce saurin sauti a cikin jirgin Bell X-1 ranar 14 ga Oktoba, 1947, bayan an sako shi daga cikin jirgin B-29 a sararin hamadar Kalifoniya. Amurka ta tabbatar da labarin a fili tun 1948, shekara huɗu kafin fim ɗin, amma sai aka tsara fim ɗin kamar Turawan Ingila ne suka fara. Ina zargin akwai ciwon zuciya a nan, domin gwamnatinsu ce da kanta ta soke aikin jirgin Miles M.52 a 1946, wanda aka tsara musamman don wannan buri.

To me ya sa nake matsa maka ka kalla? Saboda tsohon nan Ridgefield, wanda Ralph Richardson ya fito a matsayinsa, ba ƙirƙira ba ne ta fuskar hali. Sir Geoffrey de Havilland, mai kamfanin da ya ƙera jiragen Mosquito da Vampire da Comet, ya rasa 'ya'ya biyu a cikin jiragen da kamfaninsa ya ƙera: John a 1943, sai Geoffrey ƙarami ranar 27 ga Satumba, 1946, lokacin da jirgin gwaji DH 108 ya wargaje da shi a mashigar kogin Thames. Wannan mutuwa ta biyu ita ce ta jawo hankalin Lean ga labarin. Rattigan bai mai da tsohon azzalumi ba, bai kuma wanke shi ba. Akwai wurin da Susan ta tarar da shi yana sauraron muryar mijinta da aka naɗa a tashinsa na ƙarshe, yana neman inda aka yi kuskure, ita kuwa ta ɗauka ba shi da zuciya a ƙirji. Sai daga baya, yayin da Philip yake sama muryarsa tana shigowa ofis ta rediyo, ta ga tsohon a firgice yana son ta zauna kusa da shi. Richardson ba ya ɗaga murya, ba ya zubar da hawaye, amma kana ganin mutumin da ya san kowa ya ci zomo ya ci gudu, ya kuma san ba ƙafafunsa ne ke yin gudun ba, na 'ya'yan mutane ne da nasa. Wannan rawa ta kawo masa kyautar BAFTA, babbar kyautar fina-finai ta ƙasarsu, a matsayin gwarzon jarumin Birtaniya, kuma a ganina ya cancanta.

Abin da ya biyo bayan fitowar fim ɗin ya fi fim ɗin nauyi. Ranar 6 ga Satumba, 1952, a bikin baje kolin jirage na Farnborough a Ingila, jirgin DH 110 ya wargaje a sama jim kaɗan bayan ya wuce saurin sauti a gaban jama'a. Matuƙinsa John Derry, wanda ake ɗauka shi ne ɗan Birtaniya na farko da ya wuce saurin sauti a 1948, ya mutu tare da abokin aikinsa Anthony Richards, inji ɗaya kuma ya faɗa cikin taron, 'yan kallo 29 suka rasu. Ba a dakatar da bikin ba. Neville Duke ya hau Hawker Hunter ya tashi, ya sake fasa shingen sautin, wato ya wuce saurin sauti, a saman filin da ake kwashe gawawwaki. Duk wanda ya ce Rattigan ya zuzuta taurin ran Ridgefield, sai ya duba wannan rana ya ga halin mutanen zamanin.

Idan za ka kalla, ka nemi wurin da lasifika ke da kyau, domin kyautar Oscar ɗin da fim ɗin ya samu ta ɗaukar sauti ce. Kukan injin jet sabon abu ne a kunnen mutane a lokacin, kuma Lean ya san inda zai bar shi ya cika kunne da inda zai tsayar da komai. Jiragen da ke ciki na gaske ne: Prometheus samfurin Supermarine Swift ne, akwai kuma tafiyar da Tony ya yi da Susan zuwa Alƙahira a cikin Vampire suka dawo a Comet, jirgin fasinja na jet da ya fara jigila a watan Mayu na 1952, kafin haɗurran 1954 su sa a dakatar da shi.

Ina jiran amsarka, musamman a kan ko Susan ta yi daidai da ta koma gidan uban da jaririnta a ƙarshe, domin ni wannan sulhu ya yi mini sauri. Ka gaishe mini da mutanen gida da yara. Allah Ya sada mu da alheri.

Naka har kullum,
Amininka.