Ba albashi kaɗai ke korar malamin jami'a ba

Malam Edita, assalamu alaikum.

Na saurari shirinku na daren Talata, kuma raina ya ɓaci da baƙon nan naku da ya dage wai kuɗi ne kaɗai damuwar malamin jami'a. Wallahi ba haka ba ne. Shekarata 11 ina koyarwa a nan Sakkwato. A yajin aikin ƙungiyar malaman jami'a, wato ASUU, na 2022 mun yi wata takwas cur ba albashi, har awakin maiɗakina muka sayar, amma ban taɓa tunanin barin koyarwa ba. Ranar da na ɗauki biro zan rubuta takardar ajiye aiki, shugaban sashenmu ne sila.

Wanda ya riƙe mu kafin shi, Allah ya saka masa da alheri. Ba ya raba kwasa-kwasai sai ya tara mu kowa ya faɗi abin da zai iya ɗauka. Lokacin makin jarrabawa, zafin Afrilu na dukan kwano, ga ba wuta, shi ma yakan ja kujera ya zauna cikinmu da jan bironsa, ya aiki masinja ya sayo mana kunun aya mai sanyi. Mukan kai magariba a ofis ba mai ƙorafi.

Wannan kuwa, ƙarfe 11 na dare za ka ga rabon aiki a WhatsApp, ba shawara. Ni kwas biyar, 'yan gaban goshinsa biyu-biyu. Takardun ƙarin girmana wata bakwai suna kwance a durowarsa. Fam ɗin neman kuɗin zuwa taron ilimi daga TETFund, asusun tallafa wa manyan makarantu, sa hannu kawai yake jira, har wa'adi ya wuce. Da na je tuni, a gaban ɗalibaina ya ce mini, "Kai yaro, ba ka iya jira ba?" Ni da 'ya'ya huɗu!

Abokin aikina ya koma wata jami'ar tarayya, albashi iri ɗaya da namu, ko kwabo bai ƙaru ba. Me ya kore shi? Ku tambayi baƙon naku.

Sannan don Allah ku gyara layin wayarku. Na kira sau shida ba ya shiga, kuma minti biyar ɗin da kuka ba masu sauraro rabinsa tallar maganin basir ta cinye.

Naku,
Wani malami daga Runjin Sambo, Sakkwato