Mu shiga binciken otizim, amma a nemi yardar yaran su ma

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon ka ba ni fili in yi magana da iyaye 'yan uwana masu rainon yara masu lalurar otizim, wadda wasu suka fi sani da galahanga, da kuma likitoci da malaman jami'a da ke zuwa neman mu shiga bincikensu. Ni uwa ce ga yarinya 'yar shekara 12 mai wannan lalura. Na taɓa sa hannu a takardar shiga bincike, na kuma taɓa ƙin sawa, kuma ban yi da-na-sanin ko ɗaya ba.

Duk sanda maganar bincike ta taso a tsakaninmu iyaye, sai ka ga an rabu gida biyu. Wasu su ce ba za a mayar musu da 'ya'ya zakaran gwajin dafi ba. Wasu kuma da zarar sun ga mai farar riga riƙe da takarda sai su dangwala hannu ba su karanta ba, domin a zuciyarsu magani ne ya zo. Na san ciwon da ke bayan duka biyun, amma ban yarda da ko ɗaya ba.

Ga masu rufe ƙofa, ina so su tuna abin da bincike ya taɓa yi mana mu mata. A 1943 Leo Kanner, wani likita a asibitin Johns Hopkins da ke Amurka, ya fitar da bayanin yara 11 da suka zama farkon waɗanda aka bayyana da wannan lalura. Daga nan aka shafe shekara da shekaru ana ɗora laifin a kan uwa, wai rashin jan yaro a jiki da sanyin zuciyarta ne ke sa ya ƙi magana. Bruno Bettelheim, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka, ya yayata wannan zance har duniya ta ɗauka. Sai a 1977 Susan Folstein da Michael Rutter suka binciki tagwaye a gidaje 21 a Birtaniya. Cikin tagwaye 11 'yan ƙwai ɗaya, an samu huɗu da duka biyun ke da lalurar. Cikin goma da ba 'yan ƙwai ɗaya ba, ko ɗaya babu. Nan aka fara gane cewa gado na da babban hannu a ciki. Waɗannan gidaje 21 iyaye ne irinmu, masu gajiya irin tamu, suka buɗe ƙofa suka amsa tambayoyi masu nauyi. Ni da aka sha gaya min a fuska cewa ban yi wa 'yata hira tana jaririya ba shi ya sa bakinta ya yi nauyi, bashinsu na kaina.

Har yanzu kuma akwai giɓi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa ƙiyasta cewa kusan yaro 1 cikin 100 na da lalurar, amma galibin binciken a ƙasashe masu arziki aka yi shi, kuma yawanci a kan yara maza. 'Ya'ya mata sukan iya ɓoye wahalarsu ta hanyar kwaikwayon na kusa da su, sai a makara wajen ganewa. In mu masu 'ya'ya mata muka noƙe, da irin wannan guntun ilimi za a ci gaba da duba su.

To amma masu tsoro ba su yi ƙarya ba. A 1998 Andrew Wakefield ya buga bincike a mujallar Lancet a kan yara 12, ya jefa wa duniya zargin cewa rigakafin ƙyanda da hangum da rubela na jawo otizim. An zura wa yaran na'urar hoto a hanji, an ɗebo wa wasunsu ruwa daga ƙashin baya da allura, ba tare da amincewar da ta dace daga kwamitin kula da ƙa'idojin bincike ba. A 2010 mujallar ta janye aikin, aka kuma soke lasisinsa na likita. Wani bincike da aka fitar a 2019 a ƙasar Denmak, a kan yara sama da 650,000, bai ga wata alaƙa tsakanin rigakafin da lalurar ba. Ana yawan maganar ɓarnar da ƙaryar ta yi wa rigakafi. Ni yaran nan 12 nake tunawa, da iyayen da suka miƙa su da kyakkyawar niyya.

Bari in faɗi abin da na gani da idona. A wani bincike kan barcin yara masu otizim da muka shiga, matashiyar da aka turo ba ta zauna a kujera ba. A ƙasa ta zauna, nesa kaɗan da 'yata, ba ta ce mata "kalle ni" ba. Ta ajiye kati biyu a tsakaninsu, kore na ci gaba, ja na tsayawa, ta nuna mata ma'anarsu har ta gane. Ana cikin gwada mata wata 'yar na'ura mai kama da agogo da za ta kwana da ita a hannu, sai yarinyar ta toshe kunne da hannu ɗaya, ta tura jan katin da ƙafa. Nan take matashiyar ta cire na'urar ta mayar jaka. Ta juyo ta ce min, "Mama, sa hannunki ya ba ni izinin tambayarta ne kawai, amsar kuma tata ce." Da ta dawo wata rana, 'yata da kanta ta miƙa mata hannu. Ba alfarma aka yi mana ba. Yarjejeniyar Helsinki, wadda Ƙungiyar Likitoci ta Duniya ta fara fitarwa a 1964, ta ce ko an samu yardar waliyyi, sai an nemi ta wanda za a yi binciken a kansa in dai yana iya nunawa, kuma in ya ƙi a mutunta ƙinsa. Yaron da ba ya magana yana da hanyar cewa a'a: ya juya baya, ya tsuke jiki, ya fara kaɗa hannu da ƙarfi. Mai binciken da bai iya karanta wannan ba bai isa ya shiga ɗaki da 'ya'yanmu ba.

Na kuma ga akasin haka. Wasu sun taɓa ɗaukar bidiyon 'yata tana cikin kukanta mafi tsanani, suka yi alkawarin aiko da sakamako, daga nan shiru kake ji. Wannan bidiyo na damuna har gobe, domin yarinyar za ta girma, kuma mutuncinta ne a ciki. Shi ya sa da wasu suka zo neman yawunta domin nazarin ƙwayoyin gado, na tambaye su wane kwamiti ya amince da aikin, wa ya ba da kuɗinsa, ina za a ajiye yawun, har zuwa yaushe, kuma in na janye gobe ko za su zubar. Suka hau kame-kame, na mayar musu da takardarsu. Duk uwa na da ikon yin waɗannan tambayoyi, kuma ƙin shiga bincike ba ya halatta a rage wa yaro kulawar asibiti. A kuma sani, bincike daban, magani daban. Wanda ya yi miki alkawarin warkewa domin ki sa hannu, ki yi nesa da shi. Ko a Jami'ar Cambridge, shirin Spectrum 10K da aka ƙaddamar a Agustan 2021 domin tattara ƙwayoyin gado na mutum 10,000 sai da aka dakatar da shi cikin 'yan makonni, saboda manya masu otizim sun tsaya kai da fata kan sai an faɗa musu me za a yi da bayanansu.

Sai tambayar da ta fi ci min rai: wa ke zaɓar abin da za a bincika? Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A 2016, da ƙungiyar Autistica da James Lind Alliance suka tambayi masu lalurar da iyalansu da masu kula da su a Birtaniya abin da suka fi so a bincika, lafiyar ƙwaƙwalwa ce ta zo farko, sai hanyoyin koyon magana da isar da saƙo. Irin damuwarmu ke nan: barci, farfaɗiya, makarantar da za ta karɓi yaro ba ta kore shi ba, yadda za a koya wa budurwa tsaftar al'ada da tsare jikinta, halin da yayye da ƙanne ke shiga. Donald Triplett, yaro na farko a jerin Kanner, ya rayu har shekara 89, sai a 2023 ya rasu. 'Ya'yanmu za su tsufa, mu kuma ba za mu dawwama ba, amma binciken da ake yi kan manya da tsofaffi masu otizim bai taka kara ya karya ba.

Roƙona ga masu bincike shi ne su sa manya masu lalurar da iyaye a teburin tun ranar da ake tsara tambayoyi, su rubuta takardar amincewa da harshen da muke ji, su kuma dawo su faɗa mana abin da suka gano ko da bai yi daɗi ba. Kai kuma Edita, in irin wannan sakamako ya fito, a taimaka a ware masa shafi a bayyana shi dalla-dalla, domin yawancinmu ba za mu taɓa ganin mujallun da ake buga shi ba.

Na gode.

Taku,
Wata uwa mai karanta jaridarku